Cizon Tautau da Kunyar Ɗan Fari

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da dama. Na manta sunayen rabin ƙawayen da muka yi gaɗa tare, na manta yadda ake tauna ƙashi tun da haƙora suka yi mini sallama, wani lokaci ma sai in shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma kwana ukun nan da na yi da gawar tautau ƙulle a bakin zanena, ba zan manta da su ba har ranar da za a kai ni makwancina.

A haihuwata ta fari abin ya faru, tun ba a san Bature a ƙasar nan ba, lokacin da ake rufe ƙofar gari kafin faɗuwar rana saboda tsoron mahara. Aurena a wajen Kafur yake, amma da ciki ya tsufa sai aka mai da ni gidanmu a Ƙarfi goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai cikin fari. Lokacin kaka ne, an cire gero, mata sun duƙufa ɗibar auduga, duk ɗakin da ka leƙa sai ka ga kwando cike da ita. Ranar wata Laraba da hantsi na sauka lafiya, aka ce namiji ne. Na ce "aka ce" don ni ban duba ba.

'Yan matan yanzu in na ba su wannan labari dariya suke yi, don ba su san kunyar ɗan fari ba sai a bakin tsofaffi. A zamaninmu mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta ambaton sunansa, ba ta ɗaukarsa sai an yi mata faɗa. In ya yi kuka ta juya wa bango fuska kamar kukan akuyar maƙwabta ne. Ni kuwa gadon abin na yi. Ni ce 'yar farin Innata, kuma tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ko ta yi mini magana kai tsaye ba. In tana so in ɗebo ruwa sai ta dubi tulu ta ce, "Wannan tulu ko ba shi da masu shi?" In tana so in ci tuwo sai ta gaya wa bango cewa tuwo na hucewa. Haka na girma ina karɓar saƙo daga bango da turmi da kaji. Saboda haka da nawa ya zo na ƙudura sai na fi Inna. In faɗi gaskiya, ina da son yabo, kuma kunya ce kaɗai abin da na iya fiye da sa'o'ina, don ban iya kaɗi ba, tuwona kuma sai a hankali.

Mai kula da jegona Gwaggo ce, yayar babana, mace mai murya da hannu kamar na maƙeri. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke fyaɗa mini shi da ganyen tsamiya safe da yamma, ita ke hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa da nake kwance a kai, ita ke ɗura mini kunun kanwa. Duk wadda ta shigo barka sai Gwaggo ta nuna ni da baki ta ce, "Kun gan ta nan? Kwana uku ko gefen ido ba ta kai mishi ba. Nono ma sai na danne ta. Irin gidanmu ke nan." Ni kuwa ina fuskantar bango ina jin daɗi, kaina na ƙara girma.

Abin da Gwaggo ba ta sani ba shi ne, ina mutuwar son in ga yaron nan. Ina jin numfashinsa a bayana, ina jin ɗan atishawarsa, zuciyata kamar ta tsage.

Ranar Asabar da hantsi Allah ya ba ni sa'a, ko in ce na ba kaina. Inna ta tafi rijiya, Gwaggo ta zaga bayan gida neman itace, ungozoma ta riga ta yi wa jariri wanka ta koma gidanta. Gida ya yi tsit. Na saurara, na sake saurarawa, sai na diro daga gado na ɗauke shi. Ɗakin da duhu, ba inda haske ke faɗowa sai bakin ƙofa, a nan kuwa kwandon Inna yake, cike da shiɓaɓɓiyar auduga mai laushi. Na kware masa zane na kwantar da shi tsirara a kan audugar, na durƙusa na ƙare masa kallo. Na ƙirga yatsunsa na hannu da na ƙafa. Na ga kunnuwan ubansa, manya kamar faifai, na yi dariya ni kaɗai. Na sumbaci tafin ƙafarsa, har na ce masa, "Ashe kai ne ka yi ta harbina wata da watanni?" Ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokaci ba, ba na kuma jin zan sake ji.

Sai ya callara ƙara, irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na ɗaga shi, sai ga tautau manne a bayan cinyarsa, irin gizo-gizon nan ja-ja mai dogayen ƙafafu da ke ɓuya cikin rumbu da tsofaffin kwanduna. Na cafke shi na murje da yatsu. Ban gama murjewa ba na ji an zubar da itace a tsakar gida, ga takun Gwaggo. Wallahi ban san mai jego na iya sauri haka ba. Na naɗe yaro, na ajiye shi inda yake, na haye gado na fuskanci bango, sai a lokacin na ga gawar tautau na hannuna. Cikin ruɗewa na ƙulle ta a bakin zane yadda ake ƙulle goro.

Gwaggo ta shigo ta ɗauke shi tana jijjigawa. Can ta ce, "Ikon Allah! Yaro da furfura tun bai yi suna ba?" Ashe auduga ce ta maƙale masa a ƙeya. Ta cire ta hure, ta ce iska ce ta kawo. Ni dai ina kwance, na damƙe bakin zanena.

To kun ga inda na shiga. In na ce tautau ya ciji yaro, za a ce a ina. In na ce a kwandon auduga, za a ce wa ya kai shi. Daga nan kuma sai a ji cewa mai kunyar da ake nunawa da baki ita ce ta tuɓe ɗanta tana sumbatar ƙafarsa. Na ce wa kaina ai ɗan cizo ne, zuwa gobe ya baje.

Bai baje ba. Ranar Lahadi ungozoma na yi masa wanka ta juya shi ta ce, "Af, mi ye wannan?" Wurin ya yi ja, ya tasa, ga ɗan ƙulli mai ruwa a tsakiya. Ta ce ƙurjin zafi ne. Gwaggo ta ce bakin mutane ne, don 'yan barka sun cika yaba girman yaron. Inna ta leƙa ta ce, "Angon nawa tun yanzu ya fara raki? To ni ba na auren rago." Aka shafa masa man shanu aka naɗe.

Ni kuwa na ga bari in gwada dabarar Inna. Na dubi bango na ce, "Ɗakin nan da yanar gizo yake." Gwaggo ta juyo a fusace. "Au, sharar tawa ce ba ta yi miki ba? Ana gasa ki ana ɗura miki kunu, ashe idonki na kan jinka!" Ta ɗauko tsintsiya ta ɗaura a gora ta hau kakkaɓe rufin ɗaki, ƙura da kunkunniya suka yi ta zubo mini a ka. Da la'asar na sake gwadawa. Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, wai tautau na cizon mutum?" Ta gane yaron nake nufi, amma ba ta kawo komai a ranta ba. Ta ce, "Yana yi mana, har fata ta zube. Amma tautau ba ya hawa gadon da ake hura wa wuta. Yaron nan kuwa tun da ya zo duniya bai sauka gado ba in ba wanka ba. Ko da ƙafarshi ya sauka ya tafi yawo?" 'Yan barkan da ke ɗakin suka kwashe da dariya. Ƙofa ce Allah ya buɗe mini a nan, da na ce "ni na sauke shi" da an gama. Na ja zane na rufe kaina.

Ranar Litinin ƙullin ya fashe, tsakiyar wurin ya fara duhu, kewayen ya yi tauri. Jikin yaron ya ɗauki zafi, kukansa ya zama siriri. A nan Gwaggo ta ce ta gano, nono ne. Aka tatsi nonona a ƙoƙo don a gwada shi yadda ake yi: a jefa tururuwa ciki, in ta fita nono lafiya lau, in ta mutu mugu ne. Gwaggo ta fita ta kamo tururuwa da waɗannan yatsun nata masu murɗe wuyan zakara. Ni na gani da idona, tun kafin ta kai ƙoƙo baiwar Allah ta riga ta karye a ƙugu. Ko a romon kaza aka jefa ta mutuwa za ta yi. Ta ɗan motsa ƙafa ɗaya ta miƙe. Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Kun gani ko? Dafi ne a ƙirjinta, shi ya fito wa yaro a cinya."

Nan take aka cire shi daga nono. Aka koma ɗiga masa madarar akuya, ni kuma aka dafo mini wani sassaƙe mai ɗacin da har yau in na tuna shi sai miyau ya tsinke mini. Ƙirjina ya cika ya yi tam, yaro na kuka a can, ni ina kuka a nan. Inna ta shigo ta tsaya ta dubi bango ta ce, "A dai riƙa haƙuri, ɗacin magani ba ya kisa." Ta zaci sassaƙe ke sa ni hawaye. Sau nawa na kai hannu kan ƙullin zanen nan in kwance, sai in tuna fuskar Gwaggo tana cewa "irin gidanmu ke nan", hannuna ya mutu. Yau in na tuna ina jin haushin yarinyar nan da ke kwance kan gadon, da zan same ta da na mare ta.

Ranar Talata, jajibirin suna, uwar mijina ta iso daga Kafur da matan danginsu da jakuna biyu na gero da itace. Matar nan shekara guda ina gidanta ban taɓa ganin fuskarta sosai ba, ƙafafunta na fi sani, don kullum a durƙushe nake gaishe ta kaina a ƙasa. Tsakar gida ta cika, turmi uku ana daka, ana wasa da dariya. Da aka miƙa mata jikanta ta buɗe cinyar, dariyarta ta ɗauke. Ta ce a kira wanzami yanzu, ba sai gobe ba.

Wanzamin gidanmu tsoho ne siriri, shi ya yi wa babana aski, shi ya cire mini belu ina jaririya. Ya zo da zabirarsa ya zauna a inuwar rumbu, ya latsa gefen wurin, yaro ya yi ɗan kuka. Ya tambaya ko wani abu ya cije shi. Gwaggo ta ce ko sauro bai isa ba, ita ke gadinsa. Ya ce to in haka ne mugun jini ne ya taru, sai an yi sakiya ya fita. Ya zaro wani siririn ƙarfe mai tsini ya tura cikin murhun da ake dafa ruwan wankana.

Ina ɗaki, ina leƙe ta ramin asabari. Ina kallon ƙarfen nan yana sauya kama, daga baƙi ya koma ja. Uwar mijina ta kifa yaron a cinyarta, ta riƙe ƙafar. Ƙafar da na sumbata ce. Wanzami ya naɗe hannu da tsumma ya zaro ƙarfen ya yi bisimilla.

Ban san lokacin da na fita ba. An ce asabarin ma tare da ni ya fito. Ba ɗankwali, kaina duk kunkunniyar da Gwaggo ta zubo mini, na tsallake wata mata da ke tankaɗe, na fizge yaro daga cinyar uwar mijina, na ƙanƙame shi, na buɗe baki iyakar ƙarfina: "Wallahi ba mai ƙona mini ɗa! Ɗana ne! Tautau ne ya cije shi, ni na gani da idona!"

Taɓarya uku suka tsaya a sama. Wata 'yar Kafur da ta kai ludayi baki ta bar shi a nan. Ranar ce kuma na fara ganin fuskar uwar mijina, ashe tana da wushirya.

Gwaggo ce ta fara samun baki. "Ke! A ina kika gani?"

An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi duka, ina kuka ina jan majina: yadda na jira suka fita, yadda na kwantar da shi a kwandon Inna, yadda na ƙirga yatsunsa. Har sumbar ƙafar ban rage ba, don bakina ya riga ya ɓalle. Wata daga cikin baƙin ta ce, "Har da sumba?" Wata ta ce, "Yatsun dai sun cika ko?" Na sa haƙori na kwance bakin zane, gawar tautau ta faɗo a tafin hannuna, ta bushe ta ƙanƙance.

Wanzami ya ajiye ƙarfen cikin kaskon ruwa, ya yi cuu. Ya karɓi gawar ya kai ta kusa da ido ya juya ta da farce. Ya ce, "Shi ne kuwa, ɗan rumbu. Da na sa ƙarfen nan da na haɗa wa yaro wuta da dafi." Sa'an nan ya dube ni. "Ɗiyar nan, yau kwana nawa?"

Na ce, "Uku, Baba."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai girgiza kai ya ce, "Ranar farko abin wankewa ne a sa ido. Yanzu kam fatar da ta yi baƙi ta mutu, sai ta zube da kanta. Mu roƙi Allah ya tsai da shi iya nan." Ya sa aka tafasa ruwa aka bari ya huce, ya wanke wurin a hankali, ya shafa zuma, ya rufe da sabon ƙyalle. Ya ce kada wanda ya ɓamɓare, kada a ƙara shafa komai, a kuma mai da yaro nono yanzu-yanzu. Gwaggo ta ce ai tururuwa ta mutu. Ya ce, "Yaya, kawo furarki ki kamo wata da hannun nan naki mu jefa, in ta fita in bar aski."

Uwar mijina ta yi dariya har ta zame daga kujera. Gwaggo kuwa ta zauna a kan turmi ta rafka tagumi tana cewa, "Kin zubar da mu. A gaban mutanen Kafur! Ɗana ne, ɗana ne, sai ka ce wani ya ce nashi ne." Inna kuwa ta kwashe audugar kwandon nan ta watsa a rana. Sa'an nan ta dubi rumbu ta ce, "A gaya wa mai ɗa ta zauna ta ba ɗanta nono, tunda dai ta sanar da gari." Na zauna a nan tsakar gida, gaban kowa, na ba shi. Da farko ya kasa kamawa don rauni, na yi ta lallaɓa shi. Da ya kama ya fara ja, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji.

Washegari aka yi suna, aka yanka rago, amma ba a yi zancen rago ba, zancena aka yi. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Ina mai ɗa? Barka, mai ɗa!" Labari ya bi 'yan suna ya koma Kafur, ya bi masu kai zare kasuwa har Malumfashi. Mijina da ya ji, an ce kwana biyu bai zauna a dandali ba saboda tsiyar abokai.

Ni dai ban damu ba, don hankalina na kan cinyar nan. Zafin jikin ya sauka bayan kwana biyu, amma baƙar fatar sai da ta yi kusan mako biyu kafin ta saki. Ranar da ta faɗo ta bar rami ja, mai zurfin da ya ba ni tsoro a jikin ɗan mitsitsin yaro. Ni nake wankewa, ni nake sa zuma, ban bar wa kowa ba, ba kuma wanda ya ƙara ce mini in juya wa bango fuska. A hankali nama ya ciko daga gefe. Kafin in yi arba'in wurin ya rufe, sai dai bai cika ba, ya bar loko da babban yatsa ke shiga. Na san wasu jariran da irin wannan cizo ya tafi da su, nawa Allah ne ya bar mini shi, ba wayona ba.

Ban ce kunya ba ta da kyau ba, har gobe ina son in ga yarinya mai kunya. Amma abin da na koya, na kuma gaya wa kowace 'ya da jikar da na yi wa wankan jego, shi ne jariri ba shi da baki sai na uwarsa. In ta rufe nata don kada a yi mata dariya, nasa ta rufe. Duk abin da kika gani a jikinsa, ja ne ko ƙulli ko kumburi, ki faɗa a ranar, ki faɗi yadda aka yi, ko da ke ce da laifi. Dariyar da na ji tsoro har na yi shiru kwana uku, an yi mini ita, an gama, masu yin ta duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaron nan kuwa yau da furfurarsa da jikokinsa, ramin yana nan a cinyarsa.